Amsa ga ɗana kan biyayya ga malami da ƙungiyoyin da ke haɗiye mabiyansu

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, saƙonka ya iso gare ni. Ka ce labarin dajin Shakahola na ƙasar Kenya ne ya tayar maka da hankali, inda tun daga 2023 aka tono gawarwaki fiye da 400 na mabiyan wani fasto mai suna Paul Mackenzie, wanda ake tuhuma da umartar su su bar ci da sha har rai ya yi halinsa. Daga nan ka tambaye ni ko al'adarmu ta durƙusa wa malami, da tuɓe takalmi tun daga nesa, da yi masa noma, da maganar nan da ake yi a zawiyoyi cewa almuridi a hannun shehinsa kamar gawa yake a hannun mai wanka, ba ita ce hanyar da ke kai mutane irin wannan halaka ba. Ka kuma ambaci abokinka da ya shiga wata jama'a, ya daina bin kowa salla sai nasu, ya daina cin yankan gidansu, har mahaifiyarsa sai ta aika kafin ta gan shi.

Tambayarka ba rashin kunya ba ce, kuma ba sai mun je Kenya neman misali ba, domin Kano ta ga nata tun ba a haife ka ba.

Muhammadu Marwa mutumin garin Marwa ne da ke arewacin Kamaru, ya zo Kano wajajen 1945 a matsayin malamin allo mai wa'azi. Zafin bakinsa ya sa aka ɗaure shi, sannan a 1962, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, aka kore shi zuwa ƙasarsu. Bayan sarkin ya yi murabus a 1963, Marwa ya sulalo ya dawo, daga baya ya kafa zama a unguwar 'Yan Awaki. Sunan Maitatsine kuwa daga wa'azinsa ya samo shi, saboda ba ya rufe magana sai da tsinuwa ga duk wanda bai yarda da shi ba. Ya tsine wa mai ɗaura agogo, da mai sauraren rediyo, da mai hawa keke ko mota, da mai ajiye kuɗi fiye da bukatarsa, kuma ya yi watsi da hadisi da littattafan fiƙihu, ya ce Alƙur'ani kaɗai, ma'ana Alƙur'ani yadda shi ya fassara shi. A ƙarshen shekarun 1970 har an shaide shi da da'awar annabta.

Mu da muke samari a lokacin mun san gardawansa a bakin titi da bakin kasuwa. Za ka gan su tsaye cikin 'yar riga mai datti, da sanda ko wuƙa a ɗamara, suna rera aya da wata irin murya, sai su tsaya su nuna wani bawan Allah da ya zo wucewa a kan babur su bi shi da tsinuwa. Mutane sukan yi dariya su wuce, ana ɗaukar su tamkar masu taɓin hankali. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne su wane ne waɗannan yara. Akasarinsu 'yan ci-rani ne da almajirai daga ƙauyuka, wasu daga Nijar da Chadi da Kamaru, waɗanda farin farkon shekarun 1970 ya koro, suka iso birni daidai lokacin da kuɗin mai ya sa wasu ke sauya mota suna gina bene, su kuwa tsadar hatsi ta hana su ƙoshi. Zaurukan da a da ake barin baƙo ya kwana sun fara rufewa, 'yan ayyukan da gardi ke samu sun ragu. Marwa ya ba su wurin kwana da abinci, ya kuma ba su abin da ya fi abinci, wato ya gaya musu cewa talaucinsu shi ne shaidar tsarkinsu, duk mai agogon da ya wuce su ɗan wuta ne. Yaron da kowa ke kora daga ƙofar gida, a wayi gari an ce masa shi ne zaɓaɓɓe, da wuya ka sake raba shi da wanda ya faɗa masa haka.

A cikin 'Yan Awaki kuwa rayuwa ta koma ta sansani. Gidan ya yi ta faɗaɗa yana cin na maƙwabta, aka tare hanyoyi, na waje ba ya shiga yadda ya ga dama, ɗan sanda ma yana shakkar ratsawa. Mabiya ba su salla a masallatan gari, ba su zuwa gaban wani malami, abin da suka samo a bara ko leburanci can yake komawa, kuma an cika su da layu da rubutun sha har suka yi imani cewa harsashi ba ya huda su. A ƙarshen Nuwamban 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya aika masa da takardar wa'adin mako biyu ya tashi. Ranar 18 ga Disamba aka yi arangama da 'yan sanda a filin Shahuci, faɗa ya bazu, 'yan sanda suka kasa, sai da gwamnatin Shehu Shagari ta turo soja kafin ƙura ta lafa a ƙarshen watan. Kwamitin bincike na Mai shari'a Aniagolu ya ba da adadin mamata 4,177, shi Marwa yana cikin waɗanda suka mutu. Mutuwarsa ba ta kashe abin ba, domin ya sake tashi a Bulunkutu ta Maiduguri da Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984 ƙarƙashin Musa Makaniki, da Gombe a 1985.

To, ga inda tambayarka take da nauyi. Wanda ya leƙa gidan Marwa daga nesa zai ga allo da tawada, zai ga gardawa a durƙushe, zai ji ana "Allah gafarta Malam", duk irin abin da ke kowace tsangaya. Saboda haka ba a yawan girmamawa bambancin yake ba. A ganina yana wurin tambaya guda, wato shin malamin nan akwai abin da yake ƙarƙashinsa? Malamin gargajiya, komai girmansa, a ɗaure yake. Yana da malaman da ya yi karatu a gabansu, waɗanda kowa ya san sunayensu. Yana da littafi a buɗe tsakaninsa da ɗalibi, wanda idan ya karkace wani ɗalibin da ya ji karatun a wani zaure zai gane. Yana da sa'o'insa malamai da za su yi masa raddi. Alaramma ma idan ya ɓata harafi a musaffa, gardi yana gyara masa a gaban jama'a, ba a kuma ɗauki wannan a matsayin raini ba. Marwa duk waɗannan igiyoyin ya bi ya tsinke ɗaya bayan ɗaya. Da ya jefar da hadisi da fiƙihu, ya kafirta sauran malamai, sai ya zamana babu ma'aunin da za a auna maganarsa da shi sai ita kanta maganar tasa.

Dubi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Shehu ya bi shi har Agadas, kuma bai daina yabonsa ba har ƙarshen rayuwarsa, amma da Malam Jibrilu ya tafi a kan cewa mai aikata manyan zunubai ya fita daga Musulunci, Shehu ya saɓa masa a rubuce, ya ce wannan ba ita ce fahimtar Ahlussunna ba. Ga ladabi cikakke, ga kuma saɓani a fili, babu wanda ya kore ɗaya. Wannan ita ce al'adar da muka gada, kuma tana kan maganar da ake dangantawa ga Imamu Malik, cewa kowa ana karɓar maganarsa ana mayar masa, ban da ma'abocin kabarin nan, yana nuna kabarin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Abu na biyu shi ne ƙofa. A tsarinmu uba ne ke kai yaro ya damƙa shi amana, kuma duk ranar da ya so ya zo ya ɗauki ɗansa babu mai hana shi. Gardi yana tashi daga wannan tsangaya ya tafi gabas neman wani alaramma, malaminsa na farko ya sa masa albarka har ya ba shi guzuri. Mai karatun zaure yana ɗaukar fiƙihu a nan da asuba, nahawu a can da hantsi. Abin da malami ke samu sananne ne, kuɗin Laraba da sadakar sauka da 'yar gayyar gona da damina, ba dukiyar ɗalibi gaba ɗaya ba. Ƙarshen tafiyar kuma shi ne ɗalibi ya sauke, ya koma garinsu, ya yi aure, ya kafa tasa makarantar. Shugaban da ke haɗiye mutane ba ya yaye kowa, domin a wurinsa babu sauka, kuma wanda ya fita ya zama maƙiyi ko murtaddi.

Maganar gawa da mai wanka kuwa, masana tasawwufi sun faɗe ta ne a kan tarbiyyar zuciya, wato kada almuridi ya riƙa gardama a kan wuridi da horon da aka ɗora masa, kuma sun gindaya sharaɗin shehin ya zama mai tsayuwa a kan shari'a. Hadisi ya riga ya yanke cewa babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, magana ce mai kaifi, idan ta faɗa bakin maras tsoron Allah tana yin ɓarna, kuma al'adarmu tana da raunin da irin su Marwa suka shiga ta cikinsa. Muna koya wa yaro kunya har ta hana shi tambayar hujja, kuma muna tura ɗan shekara bakwai nesa, shekara ta zagayo babu wanda ya je ya ga inda yake kwana. Amanar da ba a bibiya ba, mai amanar ne ya fara tozarta ta.

Game da abokinka, alamun da ka lissafa ba su yi mini daɗi ba, musamman ƙin yankan gidansu da nisantar mahaifiya, tunda Alƙur'ani ya yi umarni da kyautata zama da iyaye ko da mushrikai ne, balle uwa mai salla. Amma kada ka je masa da zagin shugabansu, domin an riga an gaya masa cewa 'yan'uwa za su zo da zagi, da ka yi sai ka gaskata su. Ka tambaye shi a hankali wurin wa malamin nasu ya yi karatu, wane malami ne a garin yake yarda da shi, waɗanda suka bar su a baya ina suke kuma me ake kiran su, sannan kuɗin da suke tarawa wa ke ganin lissafinsa. Ba sai ya amsa maka nan take ba. Ka ci gaba da kiran sa a waya, ka gayyace shi suna da ɗaurin aure ko da ka san ba zai zo ba, ka kuma gaya wa mahaifinsa ya daina rantsuwar cewa ya sallama shi, a bar masa ɗakinsa yadda yake, domin da yawa daga masu son fitowa rashin wurin komawa ne ke zaunar da su. Idan kuwa ka ji an fara maganar ƙaura zuwa daji, ko sayar da gona a kai wa shugaba, ko tara makami, to abin ya wuce lallashi, sai a sanar da mai unguwa da hukuma ba tare da jinkiri ba.

Ka gaida mahaifiyarka da yaran.

Baffanka.