Shayarwa a Makonnin Farko: Likita Na Amsa Tambayoyin Masu Jego

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan karon kusan duk daga ɗakin jego suka fito, har da na wani magidanci da wata kaka. Na taƙaita su, na cire sunaye. Allah Ya raya abin da aka samu.

Tambaya: Likita, haihuwata ta fari ce, yau kwana biyu. Nono bai kawo ba, sai wani ruwa mai kauri, ruwan ɗorawa, da ke ɗan tsattsafowa. Uwar mijina ta ce a matse shi a zubar, a riƙa ba yaron ruwan ɗumi da madarar gwangwani kafin nonon gaske ya zo. Ina tsoron yunwa ta illata shi. (Daga Kano)

Amsa: Barka da arziki, 'yar'uwa. Ruwan nan da kike gani shi ne dakashi, kuma kada ki yarda ko ɗigo ɗaya ya zuba a ƙasa. Yana ɗauke da sinadaran garkuwa da ke kare jariri daga gudawa da ciwon ƙirji, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan mai danƙo na kwanakin farko, wanda fitarsa da wuri ke rage ciwon shawara. Ƙarancinsa kada ya tsorata ki. A ranar farko cikin jariri ba ya ɗaukar fiye da cokalin shayi ɗaya zuwa ɗaya da rabi a sha guda.

Nono mai yawa yakan sauko tsakanin kwana na 3 da na 5, kuma tsotso ne ke kiransa. Duk lokacin da yaro ya kama, saƙo kan tafi ƙwaƙwalwa, jiki ya saki sinadarai biyu: ɗaya ya haɗa nono, ɗaya ya turo shi waje. Idan aka cika masa ciki da ruwa ko madara, zai yi barci ya ƙi tsotso, saƙon ya yanke, nono ya ƙara jinkiri, sai a ce ga shi nan, dama ba ta da nono. Ki sa shi a mama sau 8 zuwa 12 a yini da dare, ki riƙa kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata. Kada ki jira sai ya tsala kuka. Da kin ga yana juya kai, yana buɗe baki, yana kai hannu baki, lokaci ya yi.

Hanyar sanin ko yana ƙoshi tana cikin kunzugunsa. Daga kwana na 5 ya kamata ya jiƙa shi aƙalla sau 6 a yini da dare, kashinsa kuma ya koma ruwan ɗorawa. Nauyinsa zai ɗan ragu a farko, ya dawo yadda aka haife shi wajen mako biyu. Ita kuwa Hajiya, jikanta take ji wa. Ki roƙe ta ta raka ki asibiti ta ji daga bakin nas da kunnenta, zai fi sauƙi a kan ke ki tsaya gardama da ita.

Tambaya: Kan nonona ya tsattsage har yana jini. Duk lokacin da za ta kama sai na cije leɓe, wani lokaci har hawaye. An ce mini haka shayarwa take, in daure. Kwanan 'yata 10. (Daga Gombe)

Amsa: Sannu, Allah Ya ba ki lafiya. Ɗan zafi na daƙiƙun farko a makon farko ana samunsa. Zafin da ke kai ga tsagewa da jini kuwa alama ce cewa yarinyar kan nonon kaɗai take kamawa, kuma dauriya ba za ta warkar da shi ba sai an gyara kamun.

Ki zauna ki jingina bayanki. Ki juyo da ita gaba ɗaya, cikinta ya manne da naki, kunnenta da kafaɗarta da ƙugunta su zo a layi ɗaya, kada ta zama tana kwance rigingine ta murɗo wuya. Tafin hannunki ya tallafi wuyanta da kafaɗunta, kada ki danna ƙeyarta. Ki saita kan nonon daidai hancinta, ki shafa shi a leɓenta na sama, ki jira. Za ta buɗe baki kaɗan, kada ki yi gaggawa. Sai ta wangale shi sosai kamar mai hamma, sannan ki jawo ta da sauri zuwa gare ki, haɓarta ta fara taɓa nonon. Ke ba za ki sunkuya ki kai mata ba, ita za ki kawo.

Idan kamun ya yi, za ki ga leɓenta na ƙasa ya naɗo waje, haɓarta ta nutse a nono, baƙin da ke kewaye da kan nonon ya fi fitowa ta saman bakinta fiye da ta ƙasa. Kumatunta za su cika, ki ga tana ja a hankali tana tsayawa, ki ji haɗiyarta. Idan kika ji tsat-tsat ko kumatu na lotsawa, ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinta ki cire ta, ki sake. Kada ki fizge. Bayan ta saki, ki dubi kan nonon: in ya fito a matse, gefe guda a lanƙwashe, kamun bai kai ciki ba.

Bayan kowace shayarwa ki matso ɗigon nono ki shafa a tsagewar, ki bari iska ta busar. Ki daina wanke wurin da sabulu, kada ki sa man zafi ko toka ko wani garin magani. Ɗan jinin da ta haɗiya ba zai cutar da ita ba. In an gyara kamu amma kwana biyu zuwa uku babu sauƙi, ki kai ta a duba ƙarƙashin harshenta, don akwai jariran da wata 'yar fata ke riƙe musu harshe. A duba bakinta kuma ko akwai farin abu da ya manne a kumatu da harshe, wanda ke bukatar magani a gare ku duka biyu.

Tambaya: Nonona na hagu ya kumbura ya yi tauri, gefe guda ya yi zafi rau, ga zazzaɓi da rawar ɗari tun jiya. An matsa nonon a ƙoƙo aka jefa tururuwa ta mutu, aka ce nonon ya ɓaci, in daina ba yaron. (Daga Katsina)

Amsa: Tururuwa ko a ruwan randa aka jefa ta za ta iya mutuwa, don haka wannan gwajin bai nuna komai ba. Nononki bai zama guba ba. Abin da ke damunki kumburin nono ne, wanda kan faru idan nono ya taru bai samu fita ba, wani lokaci ƙwayoyin cuta su shiga ta tsagewar kan nono. Daina shayarwa a wannan hali shi ne babban abin da ke kai shi ga tara ruwa, har sai an tsaga.

Ki ci gaba da ba shi duka biyun duk lokacin da ya nema. In nonon ya yi tauri har ya kasa kamawa, ki ɗan tatsa da hannu sai baƙin kewayen ya yi laushi. Ɗanɗanon nonon wannan gefen kan ɗan yi gishiri-gishiri, to in ya ƙi shi, ki tatse daidai yadda za ki ji sauƙi. Tsakanin shayarwa ki ɗora tsumma mai sanyi. Kada a murje shi da ƙarfi, kada a gasa shi da ruwan zafi ko a kai wa wanzami ya yi tsaga, duk suna ƙara kumburi. Farasitamol ba ya hana shayarwa. Amma tunda zazzaɓin ya kwana, ki je asibiti yau, don mai yiwuwa sai an haɗa miki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma akwai waɗanda suka dace da mai shayarwa. Kada ki saya a kemis da ka. In an ba ki, ki shanye shi har ƙarshe.

Tambaya: Likita, ka san zafin garinmu. Matata ta ce a asibiti an hana ba jariri ruwa sai ya yi wata shida. Ni kuwa gani nake zalunci ne, babba ma bai iya awa biyu bai sha ba. (Daga Sakkwato)

Amsa: Malam, tausayin da ka ji na uba ne, amma maiɗakinka ta faɗi daidai. Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Wanda ke fara fitowa ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishi, na bayansa ya fi maiƙo, shi ke ƙosarwa. Idan ana zafi za ka ga yaro yana yawan nema yana sha kaɗan-kaɗan. Ruwansa ke nan yake sha.

Ruwan da za a ɗura masa yana cinye wurin nono a ɗan cikinsa, yana iya shigar masa da ƙwayoyin gudawa, in ya yi yawa kuma ya tsinka gishirin jininsa har ya kai ga jijjiga. Zuma ma kada a lasa masa sai ya shekara, saboda tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci a ci gaba zuwa shekara 2, wanda ya zo daidai da shekaru biyu cikakku da aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke samun nono zalla, kuma ruwan nan na tausayi yana cikin manyan dalilai. Wadda ke bukatar ruwan ita ce uwar. Ka tabbata akwai shi kusa da ita duk lokacin da ta zauna shayarwa, ka kuma tsaya mata idan 'yan barka suka fara matsa mata.

Tambaya: Ni kaka ce, 'yata ta zo wankan gida. Ina dama mata kunun kanwa safe da yamma don nono ya kawo, ina yi mata wanka da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya kamar yadda aka yi mana. Kuma ina so a kira wanzami ya cire wa yaron beli, don ba ya kama mama sosai. (Daga Zariya)

Amsa: Inna, sannu da hidima, Allah Ya saka. Maijegon da ke da uwa a kanta ta yi sa'a. Sai dai ina roƙon ki da abu uku.

Kunu yana da amfani, amma gero da gyaɗa da ruwan da ke cikinsa ne ke yi mata aiki. Kanwa ba ta kawo nono. Gishiri ne da ita mai yawa, yana sa jiki ya riƙe ruwa, ya ɗora wa zuciyar da ta gama ɗaukar nauyin ciki wani sabon nauyi. A nan garinku, tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙasa. Ba su kaɗai ke kawo shi ba, hawan jini ma na ciki, amma su ne muke da ikon cirewa yau. Ki dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya ba kanwa, ki ba ta wake, ƙwai, nama ko kifi, da miyar zogale. Ruwan wanka a sirka shi ya zama mai ɗumi wanda gwiwar hannunki za ta iya jurewa. In kika ga tana haki, ƙafafunta na kumbura, tana tari da dare ko ta kasa kwanciya a miƙe sai a zaune, a tafi asibiti a ranar.

Na uku shi ne belin. Ba ya hana jariri kama mama, kowa da shi aka halicce shi. Cire shi na iya jawo zubar jinin da jariri ba zai jure ba, ko ƙwayoyin cuta su shiga jininsa, ko sandarewar jiki daga askar da ba a tsabtace ba, ciwon kuma ya ƙara hana shi tsotso. Ku kai shi wurin nas ta kalli yadda yake kamawa da idonta.

Tambaya: Aiki aka yi mini aka ciro yaron, yau kwana huɗu. Barci kawai yake yi, sai ya yi awa biyar bai nemi mama ba, kuma na ga kamar idonsa ya yi ruwan ɗorawa. Maƙwabciyata ta ce in riƙa shanya shi a hantsi ina ba shi ruwan gulukos. (Daga Maraɗi)

Amsa: Ki kai shi asibiti yau, kada ki bari sai gobe. Shawara da yawan barci da ƙin tsotso idan suka haɗu a jaririn kwana huɗu, sai an auna jininsa. Yawancin shawarar jarirai kan wuce da kanta, amma idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko naƙasa har ƙarshen rayuwa. Maganinta wata fitila ce mai shuɗin haske da ake sa jariri a ƙarƙashinta. Hantsi ba ya wadatarwa, yana iya ƙona shi, ruwan gulukos kuma ba ya fitar da ita. Ki kuma kwashe kafur daga cikin kayansa, domin a jikin wasu jarirai yana farfasa ƙwayoyin jini ya tsananta shawarar.

Kafin ku isa, da bayan kun dawo, ki riƙa tashinsa duk awa biyu zuwa uku. Ki cire masa kaya, ki shafa tafin ƙafarsa, ki ɗora shi a ƙirjinki. Saboda ɗinkin, ki shayar a kwance ta gefe, ko ki riƙe shi ta ƙarƙashin hammatarki da matashi a ƙasansa, ƙafafunsa na kallon bayanki. In ya kasa ja, ki wanke hannu, ki sa babban yatsa a sama da baƙin kewayen nono, manuni a ƙasa, ki danna ciki wajen ƙirji sannan ki matse ki saki, kina zagayawa, a cikin kofin da aka wanke aka ɗauraye da tafasasshen ruwa. Ki ba shi da ƙaramin cokali ko bakin kofi yana ɗan zaune, kada ki ɗura. Nonon da aka tatsa a rufe shi, kada ya wuce awa 4 a ɗaki.

Ga ke da duk mai jariri, akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: jaririn da ya daina tsotso bayan da yana yi, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, numfashi da sauri ko haƙarƙari na lotsawa, jijjiga, cibiya ta yi ja tana wari, ko shawara ta sauko har tafin hannu da na ƙafa. Ko tsakar dare ne a nemi abin hawa, a tafi da katin haihuwarsa.