Labarin ƙasa a jami'a ba haddar sunayen koguna ba ne

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko ya dace ɗanka ya karɓi gurbin karatun labarin ƙasa da aka ba shi a ɗaya daga cikin jami'o'inmu na nan Katsina, alhali ba shi ya nema ba, kuma a saninka darasin bai wuce haddace sunayen koguna da manyan birane ba. Na shafe fiye da shekara ashirin ina koyar da fannin, saboda haka bari in faɗi abin da na gani.

Abin da ka sani gaskiya ne a matakin sakandare ta zamaninmu, amma a jami'a tambayar takan sauya daga "ina abu yake" zuwa "me ya sa yake a nan, kuma wa ya tabbatar da hakan". Misalin da na fi amfani da shi a aji shi ne batun kwararowar hamada. Kusan duk ɗalibin da ya zo mana yakan zo da adadin nan da jaridu ke maimaitawa, wai hamada tana cin mita 600 na ƙasarmu kowace shekara, kuma idan na tambaye shi wa ya auna, daga ina zuwa ina, sai aji ya yi tsit. Daga nan nake ba su tarihin muhawarar. A 1935 wani Baturen Ingila masanin gandun daji mai suna Stebbing ya rubuta cewa Sahara tana matsowa kudu kuma za ta cinye arewacin Nijeriya, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya zagaya kan iyakarmu da Nijar a 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce bai ga alamar hakan ba. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 suka sake tayar da maganar. Sai Michael Mortimore, wani masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Kano, ya nuna cewa a karkarar Kano, inda jama'a suka fi cunkoso, manomi bai kashe ƙasa ba, rayar da ita yake yi da taki da barin itatuwa a gona. Hotunan tauraron ɗan'adam kuma suka nuna cewa bakin hamada yana gaba yana baya ne gwargwadon ruwan damina.

To, wannan ba ya nufin ƙasarmu lafiya lau take. Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Zango ko ta Kaita a watan bazara ya ga gonakin da iska ta kwashe musu ƙasar sama, ya ga kuma yadda saran itace don girki ya yi wa daji kwaf ɗaya. Abin da nake so ɗalibi ya gane shi ne bambanci tsakanin yashi mai tafiya daga arewa da ƙasar da ta gaji a inda take, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farkon shingen itatuwa yake nema, na biyun kuwa abin da manoman Maraɗi suka yi tun shekarun 1980, wato barin tohon kututture ya girma a cikin gona maimakon a sassabe shi. Na taɓa kai ɗalibai wani ƙauye, wani dattijo ya yi musu bayanin dalilin da ya sa gero ya fi kyau a gindin gawo, cewa shi gawo da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana kuma yana ba ta taki. Abin da na yi mako biyu ina faɗa a kan allo ke nan, shi kuwa ya gama shi kafin mu sha ruwan da aka kawo mana.

Mu kanmu malaman ba mu daina jayayya a kan fannin ba. Wasu jami'o'in suna ajiye sashen a tsangayar kimiyya, wasu a ta nazarin zamantakewa, kuma masu nazarin ƙasa da ruwa da yanayi sukan ɗauki masu nazarin birane da ƙaura a matsayin masu dogon Turanci, su kuma masu nazarin birane da ƙaura su ce auna yashi ba tare da sanin mai gonar ba aikin banza ne. A ganina rabuwar ce kuskure. Ambaliyar Jibiya ta 2018 ba a fahimtarta da yawan ruwan sama kaɗai, sai an haɗa da inda mutane suka yi gini da dalilin da ya kai su can. Marigayi Farfesa Akin Mabogunje na Ibadan, wanda ya shugabanci ƙungiyar masana fannin ta duniya, da nazarin birane ya yi suna. Kuma ba baƙon ilimi ba ne gare mu: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen Takaruru, wato ƙasashen wannan yanki namu na Afirka ta Yamma, ya kuma ba Clapperton, Baturen matafiyin da ya ziyarce shi a Sakkwato, taswira a 1824.

Game da aiki kuwa, ba zan ɓoye maka ba, takardar digiri ita kaɗai ba ta isa. Waɗanda na ga sun samu shiga hukumar ƙidaya, da ta hasashen yanayi, da ofisoshin filaye da tsara birane, da ƙungiyoyin agaji, yawancinsu waɗanda suka iya zana taswira da kwamfuta ne, suka kuma iya lissafin ƙididdiga. A nan ne muke da rauni, domin akwai inda na koyar da wannan darasi zango guda cur a kan allo saboda rashin wuta da na'urori. Idan yaron ya karɓi gurbin, ka yi ƙoƙarin sama masa kwamfutar tafi-da-gidanka kafin ya shiga aji biyu, ko da ta hannu ce, kuma kada ka hana shi kuɗin fita aikin fili idan ya zo da takardar, ko da ka ga kamar yawon buɗe ido za su. Idan kuwa lissafi ne yake gudu, ka faɗa masa tun yanzu cewa zai tarar da shi yana jiransa a shekarar farko.