Amsa Ga Ƙanena Mai Son Zuwa Karatun Gwiwa

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama injiniya a ABU Zariya, ka ji ina aikin gwiwa a Jamus, in samo maka hanya. To, fara sanin aikin tukuna, domin har yau a Tudun Wada likita ake kirana, alhali ban taɓa riƙe wuƙar tiyata ba.

Idan ɗan ƙwallo ya tsinke jijiyar nan ta cikin gwiwa da ake kira ACL, likita kan yanko wata daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya huda rami a ƙashin cinya da na ƙwauri, ya zura ta. Ramin ya kauce da 'yan milimita, jan da jijiyar ke sha ya canza. Sau da yawa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ma ya yage, wanda shi ke ɗaukar kusan rabin nauyin da ke sauka a gwiwa. Tun 1948 likitan Ingila Fairbank ya nuna yadda gwiwa ke lalacewa bayan an cire shi, shi ya sa yanzu an fi son a ɗinke. Mu namu shi ne mu gina gwiwar a kwamfuta daga hoton MRI, mu daddatsa ta gutsi-gutsi dubbai, mu ɗora mata nauyi, mu ga inda matsi ke taruwa idan an ɗinke, da kuma idan an yanke.

Da daɗin ji, ko? Watannina na farko ba abin da na yi sai zagaye gefen guringuntsi da linzamin kwamfuta, hoto bayan hoto, a ɗaki mai duhu, har idona na ruwa. Ka kunna lissafi da dare, da safe ka tarar ya tsaya a tsakiya saboda gutsure ɗaya ya murɗe. Abin da ya fi yi mini ciwo ba wannan ba ne. Malamin da na fara aiki a ƙarƙashinsa ya sa wani ɗalibi ya sake duba duk lissafina, ni kaɗai a ɗakin, don bai yarda digirin Najeriya ya koya mini komai ba. Na haɗiye. Yau samfurin da na gina shi sababbin ɗalibansa ke amfani da shi, kuma wallahi ina alfahari da hakan.

Kada ka sayar da filin Baba da ke Rigasa don kuɗin tafiya. Jamus na buƙatar ka ajiye sama da Yuro 11,000 a asusu kafin bizar ɗalibi, ga haya, ga sanyi, ga kaɗaici ranar Sallah kana ɗakin gwaji.

Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne kayan aikin kyauta ne. OpenSim, shirin kwamfuta mai kwaikwayon motsin jiki, na Jami'ar Stanford yana nan tun 2007, FEBio, mai lissafin matsi a sassan jiki, na Jami'ar Utah ma haka, har da samfurin gwiwa na Open Knee. Data da caji kawai kake nema. Sauke su, ka koyi Python, yaren rubuta shirin kwamfuta, ka koma kan littafin lissafin ƙarfin kayayyaki da kuka haddace don jarrabawa. Ka cire guringuntsin ciki daga samfurin, ka turo mini yadda matsin ya sauya, da bayaninka na dalili. Idan na gani, ni da kaina zan rubuta wa farfesoshin da na sani. Kafin nan kada ka sake turo mini takardar sakamakonka.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata maganin gwiwarta na tafe.