Amsa ga mai shirin zuwa karatu Birtaniya game da darasin sauraron Turanci

Assalamu alaikum, ƙaninmu. Saƙonka ya iso mana. Ka ce ka nemi gurbin digiri na biyu a jami'o'i biyu na arewacin Ingila. Ɗaya ta karɓi sakamakon Turancinka na WAEC, ɗayar kuma ta ce sai ka kawo maki 6.5 a jarrabawar Turanci ta IELTS, ko ka shiga kwas ɗin share fage na Turanci kafin a fara zango. Kana tambaya: wanda tun firamare da Turanci aka koyar da shi, me darasin sauraro zai ƙara masa, kuma in zai shiga, wane iri ya kamata ya nema?

Zai ƙara maka da yawa. Turancin da akasarinmu muka taso da shi na ido ne, daga allo da littafi muka ɗauke shi, kuma malaman da suka karanta mana shi suna furta kowace gaɓa a cike, kamar yadda ake yi wa Hausa. Bature ba haka yake magana ba. Yana danna gaɓa ɗaya ko biyu a cikin jimla, sauran ya haɗiye su. Ƙananan kalmomi irin su to, of, and, for da can kusan ɓacewa suke yi a bakinsa. Jimlar da ka sani a rubuce, "What are you going to do?", abin da zai shigo kunnenka shi ne wani abu kamar "wocha gona du". Duk kalmomin ka san su, amma kafin ka warware su mai magana ya yi jimla biyu gaba. Wannan ita ce matsalar, kuma ƙarin karatun nahawu ba ya maganinta.

Akwai kuma wuraren da kunnen Bahaushe ke tuntuɓe musamman. Wasulanmu biyar ne, kowane da gajere da dogo, Turancin Ingila kuwa yana da sautin wasali wajen 20. Shi ya sa work da walk, ko firm da farm, ko cat da cut suke zo mana kamar abu ɗaya. Hausa ba ta raba p da f, don haka copy da coffee suna cakuɗewa, haka vote da boat, haka think da sink. Lambobi sun fi komai haɗari: thirteen da thirty, fifteen da fifty, bambancinsu yana wurin da aka danna murya ne, na farko a ƙarshe, na biyu a farko. Ɗalibi yakan rubuta ɗaki mai lamba 50 alhali 15 aka ce masa. Amma muna da namu rabon. Kunnen da ya saba raba gari na mutane da garin tuwo ba zai sha wuya da ship da sheep ba. Kuma tsayawar maƙogwaro da muke yi a sa'a da jama'a, ita ce mutanen Landan da Mancesta da yawa suke sawa a madadin t, har water ta koma "wo'a". Da zarar an nuna maka wannan sau ɗaya, ɗaruruwan kalmomi za su buɗe maka.

Ka kuma sani ba Turancin masu karanta labarai na BBC za ka tarar a aji ba. A arewacin Ingila, wasalin da ke cikin bus da cup kamar u ɗinmu ake furta shi. Mutumin Libaful daban, na Niyukasil daban, na Gilasgo kuwa sai ka yi makonni kafin kunnenka ya zauna. Malaman jami'a da yawa ma ba haifaffun ƙasar ba ne, akwai 'yan Indiya da Sin da Girka da Italiya, haka abokan aikin rukuninka. Duk ajin da murya ɗaya tak yake kunna maka, mai tsabta, a hankali, bai shirya ka ba.

Abin da ɗalibai suka fi so a ajin sauraro sananne ne: fim da rubutu a ƙasansa, magana a hankali, a maimaita sau uku, tambayoyi na zaɓi ɗaya cikin huɗu. Ba laifi ba ne, domin abin da mutum ke jin daɗinsa shi yake dawwama a kai. Sai dai abin da za a nema daga gare ka daban ne. Lacca ta kusan minti 50 ce, murya ɗaya, ba tsayawa, kana ji kana rubutu kana duban allo a lokaci guda. Ana yin ta da saurin kalma 140 ko kusa da haka a minti, hira tsakanin mutane kuwa takan haura 200. Saboda haka zaman tattaunawa na ƙaramin rukuni, inda mutum goma ke karɓe magana daga bakin juna, ya fi laccar wuya. Rubutun ƙasan bidiyo kuma yana yaudara, idonka ne ke aiki kana zaton kunne ne. In za ka yi amfani da shi, ka fara ji babu shi, ka sake da shi, ka kuma komawa babu shi. Rage sauri zuwa 0.75 a YouTube ma kada ya wuce mako biyu na farko.

Yawancin azuzuwan sauraro jarrabawa suke yi, ba koyarwa ba. A kunna, ka amsa, a ce ka ci 6 cikin 10, a wuce. Ba wanda ya gaya maka me ya sa ka faɗi huɗun. Ga yadda za ka gano da kanka, kuma wannan ne aikin da muka fi ƙarfafa maka gwiwa a kai.

Ka samo sauti na minti biyu wanda ke da rubutaccen kwafinsa. Shirin 6 Minute English na BBC yana da shi, jawaban TED suna da shi, haka laccoci da yawa na shafin OpenCourseWare na jami'ar MIT ta Amurka, duk kyauta. Ka saurara sau ɗaya ba tare da duba rubutun ba, ka rubuta jigon maganar a layi biyu, ko da Hausa ne. Sannan ka yanki daƙiƙa 30 zuwa 40 ka yi shifta, jimla bayan jimla, kada ka maimaita jimla fiye da sau uku. Inda ka kasa ji ka bar gurbi. Sai ka buɗe rubutun ka kwatanta da jan biro a hannu, kowane kuskure ka sa masa alama ɗaya cikin uku. Ko dai kalmar ba ka san ta ba sam, ko ka san ta a rubuce amma kunnenka bai gane ta ba, ko kuma ka ji kalmomin duka amma zaren maganar ya kuɓuce maka. Kowane da maganinsa. Na farko maganinsa haddar kalmomi, kuma ka fara da jerin kalmomin ilimi da masaniyar harshe Averil Coxhead ta fitar a shekarar 2000, mai iyalan kalmomi 570 (wato kowace kalma da danginta), ka riƙa jin furucin kowace kafin ka haddace ta. Na biyu maganinsa ka sake kunna wurin kana kallon rubutun, sannan ka bi bayan mai maganar da bakinka, kana kwaikwayon inda ya danna da inda ya haɗiye, har sau biyar. Wanda ya karanci Turanci a Najeriya, a wannan rukuni na biyu yakan tarar da mafi yawan jan birinsa. Na uku maganinsa doguwar sauraro: minti 10 a makonnin farko, 20 a wata na biyu, cikakkiyar lacca a wata na uku, kana ɗaukar bayani.

Minti 45 a kullum na tsawon mako 12 ya fi awa biyar ranar Asabar kaɗai. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun yanzu da kake jiran takardu za ka fara. Kuɗin data kada ya hana ka, sauti zalla bai cika wuce megabait ɗaya a minti ba, ka sauke na mako guda lokaci ɗaya. Wani lokaci ka cire abin kunne ka ajiye wayar a nesa da kai, fanka na kaɗawa, domin babban ɗakin lacca yana da amsa-kuwwa da tari da motsin kujeru. In kana zuwa gidan kallon ƙwallo, hirar da ake yi da 'yan wasa da masu horarwa bayan an tashi makaranta ce ta karin harshe, ka tsaya ka ji ta.

Wajen ɗaukar bayani, kuskuren da aka fi yi shi ne ƙoƙarin rubuta komai kamar yadda aka saba da malamin da ke karanto darasi ana kwafa. Hannu ba ya bin baki. Abin da ke kan allo za a ɗora shi a shafin kwas, kai ka rubuta abin da malamin ya ƙara da bakinsa. Ka kasa kunne ga kalmomin da ke nuna kwana, irin su however, da moving on, da the key point is, domin bayansu ne maganar ke juyawa. Ka karanta takardun laccar tun da dare kafin ranar, ka nemi furucin sababbin kalmomi goma daga ciki. Bayan an tashi, ka cike guraben bayananka a ranar.

Game da IELTS, sashen sauraro kashi huɗu ne, tambaya 40, wajen minti 30, kuma sau ɗaya ake kunnawa. Kashi biyu na farko harkokin yau da kullum ne, na uku tattaunawar ɗalibai da malami, na huɗu gajeriyar lacca. Amsa 23 daidai tana ba da maki 6, amsa 30 tana ba da 7, don haka 6.5 tana tsakani. A kwamfuta minti biyu kawai ake bayarwa a ƙarshe don dubawa. Inda maki ke zubewa ba ɓoyayye ba ne: kuskuren harafi, barin s ta jam'i, wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade, da tarkon mai magana ya faɗi Talata sannan ya gyara ya ce Laraba. In tambaya ta wuce ka, ka rabu da ita nan take, in ba haka ba za ta tafi da biyu na bayanta. Sakamakon shekara biyu yake aiki. Ka duba sharaɗin jami'ar da kyau, da yawa suna neman mafi ƙarancin maki a kowane sashe ban da jimillar.

Kwas ɗin share fage kuɗi ne mai yawa, ga kuɗin masauki na ƙarin makonni, saboda haka kada ka biya sai ka rubuta musu ka yi tambaya. Mutum nawa ne a aji? In sun haura 20, ba za ka samu yin magana ba. Awa nawa ake ware wa sauraro a mako? Laccocin gaske na malaman jami'ar ake kunnawa, ko na littafi kawai? Ana ba da rubutaccen kwafi bayan darasi? Ana gwada zaman tattaunawa? Da me ake auna mutum a ƙarshe, kuma in bai kai ba akwai damar sakewa? Ka kuma tambaya ko takardar CAS, wato shaidar samun gurbi da jami'a ke bayarwa don neman biza, ɗaya ce za ta haɗa share fagen da digirin ko biyu ne, domin biyu na nufin neman biza sau biyu. Sau da yawa shiga wannan kwas yana buƙatar nau'in IELTS na UKVI, wato wanda hukumar biza ta Birtaniya ta amince da shi, kuma mutane sukan biya kuɗin ɗayan nau'in su gane daga baya.

In ka zaɓi jami'ar da ta karɓi WAEC, babu aibi, amma takardar ta buɗe maka ƙofa ce kawai. Digiri na biyu a can yawanci shekara ɗaya ne, aikin farko da za a ba maki yakan zo cikin wata biyu. Yawancin jami'o'i suna da darussan tallafin Turanci a cikin zango ba tare da ƙarin kuɗi ba, gurabensu kuma suna cika da wuri, ka yi rajista a makon farko. Ka tambaya ko ana naɗar laccoci a sashenku. Kada ka naɗi malami da wayarka sai da izininsa. Naɗin ma ka yi amfani da shi wajen komawa minti biyar ɗin da suka kuɓuce maka, wanda ya ce zai sake jin kowace lacca daga farko lokaci ba zai ishe shi ba.

Saura abu ɗaya da tarbiyyarmu ke jawo mana. An hore mu da kunyar malami, ba ma katse babba, kuma mukan gyaɗa kai mu ce to ko ba mu gane ba. A can gyaɗa kai yana nufin ka fahimta kuma ka yarda. Ka haddace jimla biyu har su zauna a bakinka: "Sorry, could you say that last part again?" da "So do you mean...?", ta biyun ka ƙarasa ta da abin da ka fahimta. Ba wanda zai ga rashin ladabinka. Su ma suna da nasu zagaye-zagayen magana. Idan mai duba aikinka ya ce "You might want to look at this section again", ba shawara yake ba ka ba, cewa yake wurin bai yi ba, ka gyara. Duk lokacin da kuka gana da shi, ka rubuta abin da ka ji a layi uku ko huɗu ka tura masa ta imel a ranar, ka roƙe shi ya gyara maka inda ka ji ba daidai ba.

Allah ya ba da sa'a, ya kawo ka lafiya.