Me ya sa aka yi ta korar Bishop Atanasiyus daga Iskandariya?

Ɗan'uwa kana tambaya ko laifi ya yi da aka kore shi har sau biyar, to gaskiya rigimar aƙida ce ta cakuɗe da siyasa. Wani limamin coci a Iskandariya ta Masar mai suna Ariyus ya ce Yesu halitta ne, akwai lokacin da babu shi, sai aka yi babban taron bishop-bishop a Nikiya, a Turkiyya ta yau, a 325 aka yi watsi da maganarsa, Atanasiyus yana wurin amma lokacin dikon ne kawai, wato ƙaramin ma'aikacin coci, ya rako bishop ɗinsa Alekzanda. A 328 Atanasiyus ya gaji kujerar Alekzanda, kuma ya kafe sam ba zai maida Ariyus cikin coci ba ko da sarkin daular Rum Kwanstantin ya matsa masa.

Nan fa aka fara haɗa masa sharri, har cewa aka yi ya kashe wani bishop Arseniyus ya yanke hannunsa don tsafi, sai ga mutumin a raye hannu biyu cif. Abin da ya kada shi a 335 zargi ne wai zai hana jiragen hatsi tashi zuwa Kwanstantinoful, babban birnin daular, aka tura shi Tiriya a Jamus ta yau. Shi ma fa ba kanwar lasa ba ne, an sha kai ƙarar mutanensa kan dukan abokan gaba. Ya yi wajen shekara 17 yana gudun hijira, wani zubin a ɓoye cikin hamada wurin masu zaman kaɗaici, amma a kan kujerarsa ya rasu a 373.