Wai Sinagog coci ne ko wurin ibadar Yahudawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni direban danfo ne nan Legas, wani lokaci ina lodin Ikotun, kullum sai fasinja yace a sauke shi a Sinagog wato cocin marigayi T.B. Joshua. Toh rannan muna zaune teburin mai shayi a Agege sai wani abokina Kirista ɗan Jos yace ai asali sinagog ba coci bane na Yahudawa ne wai har Yesu da kanshi yana shiga can, nace ina, musu yayi zafi har shayin ya huce. Dan Allah a raba mana gardama. Daga mai karatu a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abokinka ya ci musu, sai ka shirya biyan kuɗin shayi.

Kalmar daga Girkanci ta fito, ma'anarta taro ko tattaruwa, shi yasa Littafi Mai Tsarki na Hausa yake cewa majami'a. Kuma kar ka haɗa ta da Haikali. Haikali ɗaya ne tal a Urushalima, can ake yanka hadaya, can firistoci suke, har Romawa suka rushe shi a shekara ta 70 miladiyya. Majami'a kuwa ta unguwa ce, ba yanka, karatu ne. A 1913 an tono wani dutse a Urushalima mai rubutun wani Tiyodotus yana cewa ya gina majami'a don karanta Attaura da koyar da dokoki, da ɗakunan saukar baƙi daga nesa. Kaga kenan makaranta ce masauki ne, har hukunci ake yankewa ciki, don a Littafi Mai Tsarki Matiyu 10:17 na maganar bulala a majami'u, Bulus ma, ɗaya daga cikin masu wa'azin Yesu na farko, yace sau biyar yana shan bulala arba'in ba ɗaya.

Batun Yesu duba Luka sura 4. Ran Asabar ya shiga majami'ar garinsu Nazarat kamar yadda ya saba, ya miƙe aka ba shi naɗaɗɗen littafin annabi Ishaya ya karanta, ya naɗe ya miƙa wa mai hidima ya zauna, kowa ya zuba mai ido. Da farko ana ta yabo ana cewa ashe wannan ba ɗan Yusufu bane, kafin a tashi sun fusata sun ja shi bakin dutse zasu tura shi. Mutanen da ya tashi a gabansu fa.

Amma ni inda abin yafi birge ni labarin Bulus ne a Ayyukan Manzanni. Kasan Bahaushe in ya sauka Legas bai san kowa ba, ba ya tsayawa ruwan ido, tambaya yake ina Agege ina Idi Araba ina masallacin Hausawa, don yasan can zai ji yarenshi ya samu tabarmar kwana, toh haka Bulus yake yi yawanci garin da ya shiga majami'a yake fara nema. A Antakiya ta Bisidiya bayan an karanta Attaura da Annabawa shugabanni da kansu suka aika mai cewa in yana da maganar ƙarfafa jama'a ya faɗa. Tasalonika Asabar uku yayi yana muhawara, Afisa wata uku. A Korinti da aka ɓata sai ya fice ya koma gidan wani Titus Yustus wanda katangarshi ɗaya da majami'ar, shugaban majami'ar ma Kirisbus ya bi Bulus da duk iyalinshi. Ka duba fa, ƙofa da ƙofa, waɗanda jiya suke zama layi ɗaya.

Shi yasa in ka ci karo da zafafan kalamai irin "majami'ar Shaiɗan" a Ru'ya ta Yohanna 2:9 da 3:9, ka tuna wasiƙu ne zuwa ga masu bin Yesu a garuruwan Simirna da Filadelfiya kan rigimar da ake yi a can lokacin, kuma mabiyan Yesu na farko su kansu Yahudawa ne. A ganina faɗan cikin gida ne, wanda ke ɗauko ayar yau yana jifan Yahudawa kaf da ita ya tsallake labarin. Kora daga majami'a ba wasa bace lokacin, a Yohanna sura 9 iyayen wani makaho da Yesu ya warkar ƙin magana suka yi don tsoro, suka ce ku tambaye shi ai ba yaro bane. Wasiƙar Yakubu 2:2 kuma a Girkancinta taron masu bin Yesu ta kira da wannan kalmar dai ta sinagog.

Na Ikotun coci ne, sunan suka ara. Fasinja in yace Sinagog ka sauke shi ka karɓi kuɗinka.