Me ya hana Despacito tsufa?

Maigida, waƙoƙin rawa da yawa wata uku suke yi a manta da su, amma Despacito, waƙar Luis Fonsi da Daddy Yankee, tun 2017 ake sa ta, mutane suna tashi, alhali ba sa jin Sifaniyanci. Ina sirrin yake?

To ɗana, sirrin yana cikin gangar. Buɗe FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, sa saurin kiɗa a bugu 89 a minti ɗaya, shi ne saurin waƙar. Za ka ga gurabe 16 a jere kamar na dara. Zuba babbar ganga a gurbi na 1, 5, 9 da 13. Ƙaramar ganga mai kaifi kuwa, ajiye ta a 4, 7, 12 da 15. Kunna ka saurara. Wannan shi ne dembow, sunan ya fito daga wata waƙar Shabba Ranks ɗan Jamaika, kuma a kansa mutanen Puerto Rico suka gina salon kiɗan reggaeton. Babbar tana tafiya daidai, ƙafa na bin ta. Ƙaramar, a gurbi na 4 da 12, tana rigan bugun babbar da gurbi ɗaya, sai ƙugu ya bi ta. Jiki ya rabu biyu ke nan, rawa ta samu ba tare da an koya wa kowa ba. Kuskuren 'yan koyo shi ne mayar da ƙaramar zuwa 5 da 13 don wai ta fi tsabta. Da ka yi haka kiɗan ya miƙe sambal, lanƙwasar ta tafi.

Kada ka ƙara sauri. A 89 dattijo ma zai iya rausaya bai yi haki ba, mawaƙi kuma yana da filin cusa kalmomi, kamar yadda Daddy Yankee ya yi a baitinsa.

Haɗin sautin guda huɗu ne kacal, waɗanda makaɗa ke kira Bm, G, D, A, suna zagayawa har ƙarshe. Kunne ya saba da su tuntuni, shi ya sa ba ya ƙin su. Abin da ya ba su ɗanɗanon garinsu shi ne cuatro, 'yar jitar Puerto Rico da ke buɗe waƙar.

Amma wurin da nake so ka maimaita sau goma shi ne bakin amshi. Luis Fonsi yana zuwa kan kalmar sai kiɗan ya ja birki, ya rarraba ta gaɓa-gaɓa: des, pa, ci, to. Ma'anarta “sannu a hankali”, waƙar kuma ta aikata abin da ta faɗa. Sai a nan cikakkiyar gangar take sauka. An sa mutum jira, sannan aka biya shi. Gaɓa huɗu kuma ko yaron goye zai kama. Shigar Justin Bieber daga baya ta taimaka mata ta yi mako 16 a saman jadawalin Billboard na Amurka, amma ni a ganina talla ce kawai. Ginin ya riga ya tsaya.

Idan kana haɗa ta da wata waƙa a wurin biki, kiyayi wannan birkin. Jan da aka yi yana kauce wa ƙidayar na'ura, gangunan biyu sai su yi karo kamar dawaki sun firgita. Ka shigo da waƙa ta gaba a tsakiyar amshi, inda bugun ya zauna daram, ka rage bes (sauti mai kauri) ɗin ɗaya kafin ka ɗaga na ɗayar, in ba haka ba lasifika ta yi ta gurnani.